Musayar Waƙa Kan Kurman Bon

Sani Ɗan Gobir

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga 'yan baitoci kan Betoben, gwanin tsara kiɗa na Jamus, haifaffen birnin Bon a 1770, wanda ya kurmance bai ajiye aiki ba. Mai gyara ya gyara, amma da waƙa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da ji kuma Mai karɓewa,
Batun wani kurma nake kawowa,
Da ya sa masu kunne yin mamaki.

A birnin Bon aka haife shi,
Uba mashayi ne ya rene shi,
Tun yana ƙarami yake matsa shi,
Ga fiyano nan, tashi ka yi aiki.

Ya bar gida ya sauka Biyana,
Gaban gwani Haidin ya zauna kwana da kwana,
Kafin a jima yaro ya yi suna,
Masu sarauta na kiransa da ɗoki.

Sai kunne ya soma toshewa,
Amon duniya na ta gushewa,
Shi ko kiɗa sai ƙara haɓakawa,
Abin da ya rasa waje ya samu ciki.

Ni a ganina ciwon ne ya ba shi,
Kurumta ta rufe ƙofa ta tsare shi,
Taɓin hankali ya zo ya ɗaga shi,
Ba a yin gwani da kai mai birki.

Yana tafe a hanya yana gunaguni,
Gashi a birkice, bai kula da wani,
Maƙwabta sun gaji da ji da gani,
Yau ya kori mai aiki, gobe ya sake ɗaki.

Hajiya Ladi

Wa alaikumus salam. Sani ɗana, waƙa ta yi daɗin rerawa, sai dai baiti na biyar ya tsaya mini a wuya. Yara kurame nake koyarwa, don haka ba zan bar shi ya wuce ba.

Sani ɗana, matso kusa ka zauna,
Zancen da ka kawo bai cika ba.

Da a ce kurumta ke ba da baiwa,
Da ajina bai rasa gwanaye ba.

Yaran da nake koya wa da hannu,
Ba ciwon ne ya ba su basira ba.

Wanda ya yi ƙwazo shi ke wucewa,
Rago ko da kunne bai tsira ba.

Shi wanda kake yabo, tun yana yaro
Yake kiɗa, ba a kurma ya fara ba.

Ya kusa talatin kunnen ya taɓu,
Sautin da ya tara bai zube ba.

Mai karatu in ya buɗe wasiƙa,
Yana jin murya, ba a furta ba.

Haka shi ma in ya dubi takarda,
Goge na kuka, ba a goga ba.

Aliyu Namangi makaho ne a Zariya,
Wa ya ce makanta ce, ba ilimi ba?

Ka ce ya jure, in ce maka haka ne,
Ka ce ciwo ya ba shi, ban yarda ba.

Malam Ilu Maraɗi

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ai mai abin da kansa ya bar shaida. A watan Oktoba na 1802, a wani ƙauye kusa da Biyana, babban birnin Ostiriya, inda likita ya tura shi ya huta da hayaniya, ya rubuta wa ƙannensa biyu, Kal da Yohan, doguwar wasiƙa. Ga abin da ke cikinta, da bakina ba da nasa ba.

Hajiya kin gama, bari in ɗora a kai,
Shaida ta fito daga hannunsa shi kaɗai,
A ƙauyen Hailigenstat ya amayar sosai,
Wasiƙa ga ƙannensa, kukan zuciya.

Ya ce kuna cewa ina ƙin mutane,
Mai taurin kai, mai fushi, ko mene ne,
Ba ku san abin da ke ɓoye ba ne,
In ce ku ɗaga murya nake jin kunya.

Yaya makaɗi zai ce ba ya ji?
Na gefensa ya jiyo sarewa a daji,
Shi ko shiru, abin ya yi masa yaji,
Ya ce saura kaɗan ya bar duniya.

Abin da ya riƙe shi, aikin da bai gama ba,
Kiɗan da ke ransa da bai zubo ba,
Ya naɗe wasiƙar, bai aika ta ba,
Sai bayan ransa ta fito daga ajiya.

Abin da mutum ya kira azaba da bakinsa,
Sani, kar ka naɗa masa shi rawaninsa,
Ka bar wa mai ciwo fassarar ciwonsa,
Shi ya kwana da shi, shi ya san gaskiya.

Ya rasu a 1827, sannan aka ga wasiƙar cikin takardunsa. Bayan rubuta ta ne ya tsara simfoni ta uku, wato babban kiɗan taron makaɗa, wadda ya so sadaukar wa Nafoliyon na Faransa ya fasa da ya ji mutumin ya naɗa kansa sarki a 1804. Ta biyar kuma an fara kaɗa ta a Disamba 1808.

Ɗan Auta

Ni Bon a rediyo na san ta,
Sashen Hausa ke yawan ambaton ta,
Ashe akwai kurman da ya ɗaukaka ta,
Tun ba a ƙera akwatin magana ba.

Yaya Sani, baitinka na uku ya yi tuntuɓe,
"Kwana da kwana" ka cusa, karin ya zube,
Karatun gun Haidin bai yi nisa ba ya yanke,
Ɗalibin ma bai cika yaba malamin ba.

Sani Ɗan Gobir

Malam Ilu na gode da shaidarka,
Amma ta juyo ta kama ƙafarka.

Bayan wasiƙar me ya biyo baya?
Manyan kiɗan da ke cikin lissafinka.

Ta uku, ta biyar, har zuwa ta tara,
Kunne na mutuwa, ƙirga da yatsunka.

Ranar ta tara ya ba jama'a baya,
Ana ta tafi, shi yana kan takarda haka.

Sai wata mawaƙiya ta juyo shi,
Ya ga hannuwa sama, har da masu kuka.

In ba ciwon ne ya wasa shi ba,
Me ya hana masu kunne su yi haka?

Batun taɓi kuma ban janye ba,
An ce 'yan doka sun kama shi, duba littafinka.

Don shigar da ya yi ta yi kama da ta mabaraci,
Ya ce ni ne Betoben, suka ce rufe bakinka.

Ɗan Auta kai kuma je ka yi wasa,
"Yanke" da "zube" ka haɗa a baitinka.

Ranar da nake nufi 7 ga Mayu ce, 1824, a Biyana. Yana tsaye yana kaɗa hannu, amma wani mai suna Umlauf ne makaɗa ke bi a zahiri. Mawaƙiyar da ake cewa ta juyo shi sunanta Karolin Unga.

Nas Hadiza

Yaya Sani, na yi shiru ina karantawa har ka maimaita batun taɓi. Nan kam ka shigo unguwarmu.

Yaya Sani, ni a asibiti nake aiki,
Ɓangaren ƙwaƙwalwa, na san shi ciki,
Ciwon da kake wa kirari da ɗoki,
Ban ga ya ba kowa komai ba sai ƙuna.

Mai saurin fushi daban, mai taɓi daban,
Kurma a taro na zargin na nan da na can,
Ya ga ana dariya, ya ce da ni ake wannan,
Ko kai ne sai ka tashi, ba ka zauna.

Ga ciwon ciki da ya daɗe yana ci,
Ga hanta ta lalace, ga giya ga ɗaci,
Ga shari'ar ɗan ƙane, ga kaɗaici,
Wa zai sha wannan ya yi fara'a da rana?

Ba likitan zamaninsa da ya tsare shi,
Ba gidan masu taɓi da ya karɓe shi,
Na baya na hasashe, ba su gan shi,
Mamaci ba ya zuwa a yi magana.

In taɓi kake nema, ga Shuman ka duba,
Ya faɗa kogin Rayin, ajali bai yi ba,
Masu kwale-kwale ba su bar shi ya nitse ba,
Aka kai shi Endenik, can ya ƙare kwana.

Shekara biyu a can, ina kiɗan da ya yi?
Alƙalamin da ke gudu ya yi sanyi,
Matarsa Kilara ta ɗau duk nauyi,
'Ya'ya bakwai, ita ce uba, ita ce inna.

Simetana na ƙasar Cek shi ya raba gardama,
Ya sha biyun duka, kurumta ta fara kama,
A cikinta ya yi wa ƙasarsa kiɗa mai girma,
Da kogin Baltaba a ciki da suna.

Da ciwon ya hau kai sai aiki ya tsaya,
Magana ta rikice, tunani ya ja baya,
A gidan masu taɓi na Firag ya bar duniya,
Kurumta ta bar shi ya yi, taɓi ya hana.

Shuman, shi ma gwanin tsara kiɗa na Jamus, ya faɗa kogin a Fabrairu 1854, ya rasu a 1856 yana da shekara 46. Endenik ɗin nan ma yanzu unguwa ce a cikin Bon, Ɗan Auta sai ka ƙara a abin da ka sani. Simetana ya kurmance a 1874. A 1876 ya yi wani kiɗan goge huɗu kan rayuwarsa, kusa da ƙarshe ya sa goge ɗaya ya ja siririn sauti mai tsawo, irin fiton da ya addabi kunnensa kafin ya toshe. Mutumin da ya iya kama ciwonsa ya zuba shi a takarda haka, hankalinsa ɗaya. Da hankalin ya gushe, ya rasu a Mayu 1884. Abin da ya sa na damu, Yaya, na ga samari masu rubutu da zane suna ƙin shan magani don wai zai kashe musu baiwa. Irin baitinka na biyar suke kafa hujja da shi.

Baba Tanko Mai Goge

Yara ku saurara, kowa da rabonsa,
Sani bai faɗi duka ba, yana da 'yar gaskiyarsa.

Da can mai kaɗa fiyano ne gaban manya,
Da yatsu yake ci, da su ya yi sunansa.

Da kunne ya tafi sai dandali ya rufe,
Ya koma ga takarda, ya ba ta lokacinsa.

Bai ƙara jin tafi ba, balle tsaki,
Sai ya rage tambayar kowa ra'ayinsa.

Kiɗan goge huɗu da ya yi a ƙarshe,
Masu sauraro sun kasa gane kansa.

Har mai buga takardun ya roƙe shi,
Ya cire ƙarshen ɗaya ya sa waninsa.

Ni da nake goge, in sarki ya ɓata fuska,
Nan take nake sauya kiɗan don ransa.

Shi ko ya kai inda ba ya jin kowa,
Ya bi abin da ke kansa har ƙarshensa.

Ciwo bai ba shi baiwa ba, na yarda,
Amma ya karkata akalar aikinsa.

Malam Ilu Maraɗi

Baba, Allah ya ja da rai, wannan na karɓa. Abin da nake ƙi shi ne a mai da aikin kamar saukar iska.

Mai cewa aljanu ke ba shi da dare,
Ya je ya ga takardun da ya kankare,
Layi guda ya rubuta ya share,
Ya sake, ya sake, har ya daidaita.

Malzal ya ƙera masa ƙahon saurare,
Ya sa a kunne, amfanin ya ƙare,
Sai littafin hira, baƙo ya zauna a gyare,
Shi ya amsa da baki, baƙo ya rubuta.

Littattafan hirar sun fara daga 1818, fiye da 130 suna nan har yau. Ƙahonnin kuma suna gidan da aka haife shi a Bon, wanda ya zama gidan tarihi. A 2023 masana sun binciki gashinsa, suka gano ya kamu da ciwon hanta nau'in B kuma yana da gadon raunin hanta, amma gashin bai nuna musu abin da ya kurmantar da shi ba.

Sani Ɗan Gobir

Baba Tanko ya ba ni rabin tuwona,
Nas Hadiza ta ƙwace miyar daga hannuna,
Baiti na biyar yana nan a wurina,
Sai na kwana da shi kafin in taɓa shi.

Hajiya Ladi

Kwana da shi, ba mai kora ka. Amma akwai wadda duk kuka tsallake, Hadiza ce kawai ta taɓa gefen zancen. Ƙanensa Kal ya rasu a 1815 ya bar ɗa, shi ma Kal, da matarsa Yohana. Betoben ya yi ta shari'a da ita har 1820, ya raba ta da yaron. A 1826 yaron, yana ɗan shekara 19, ya nemi hallaka kansa, Allah ya yi da sauran kwana, daga baya ya shiga soja.

Kun yabi kurma, kun auna hankalinsa,
Ba wanda ya leƙa gidan ƙanensa,
Ya ɗauke yaro don wai shi ne gatansa,
Uwa na kuka a ƙofar alƙali.

So ne ya yi masa, ban ce ƙi ba,
Irin son da bai bar yaro ya numfasa ba,
Gwaninta ba ta wanke wannan ba,
Kurumta ma ba za ta zama dalili.

Sani, kai da ka iya jera baiti,
Ga aiki nan, na ba ka sati,
Ka yi wa Yohana nata, ban da ƙarya ban da ɓatanci,
Ɗan Auta ya duba kari, Ilu ya duba asali.

Ɗan Auta

Hajiya na karɓa, amma da sharaɗi,
Yaya Sani ya daina ce mini je ka yi wasa,
In ya cusa kalma don amsa-amo ya yi daɗi,
Ni ma a gaban kowa zan fasa masa.