Wace jami'a zan zaɓa don karatun gashin ƙashi na 'yan wasa?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum. Yayyena, shawara nake nema kafin in cike JAMB.

Shekara biyu ke nan da na gurɗe a gwiwar dama muna buga ƙwallo a filin unguwa. Mai ɗori ya ja, ya shafa, ya ɗaure. Kumburi ya saɓe, amma da na juya da gudu sai gwiwar ta saki kamar ba tawa ba. A asibiti aka ce jijiyar da ke riƙe gwiwa ta ciki ce ta taɓu, aka tura ni sashen gashi. Matar da ke duba ni takan tsayar da ni da ƙafa ɗaya a kan matashi, tana kallon agogo. Ranar farko ban kai daƙiƙa biyar ba. Wata huɗu muna haka, har na koma fili. Tun lokacin aikin ya shiga raina.

So nake in ƙware a ɓangaren ƙashi da 'yan wasa. Baba ya ce in zauna a BUK, wani abokina kuma ya ce sai Ibadan ko Legas. Ina ne ake kwas ɗin 'yan wasa?

Mai gashi, Hotoro:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara gyara maka abu ɗaya: a digirin farko ba a ware ɗalibi a ce wannan na 'yan wasa ne. Komai za ka yi, ƙashi da gaɓoɓi, masu shanyewar ɓarin jiki, yara, ƙirji da numfashi, lafiyar mata. Da shekara biyar ake yi, yanzu kuma an fara komawa tsarin shekara shida da ake kira DPT, wato digirin dokta a fannin gashi. In ka gama sai aikin koyo na shekara guda a asibiti, sai bautar ƙasa. Ƙwarewar da kake so a digiri na biyu ake ɗaukarta.

To me za ka duba yanzu? Da farko ka tabbatar NUC, wato hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, da MRTB, hukumar da ke yi wa masu gashi rajista, sun amince da sashen, don MRTB ce ke ba da lasisin aiki, kuma sababbin jami'o'i sun yi yawa. Sannan ka tambayi asibitin da ake kai ɗalibai. Hannu ne ke wannan aiki, littafi ba zai nuna maka yadda gwiwar da ta sandare bayan karaya take ji a tafinka ba. Ibadan tana da tarihi, tun 1966 suke ba da digirin, ba mai raina su. Amma kai da Asibitin Ƙashi na Dala maƙwabta ne, kuma asibitocin ƙashi na tarayya irinsa ba su da yawa, da shi da Igbobi a Legas da na Inugu aka daɗe ana ƙirgawa. Makarantar gashin da ta zama sashen BUK ma a Dala ta faro. Ga kuma Asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya. Ni dai in ƙanena ne ciki ɗaya, cewa zan yi ya bi maganar Baba.

Ɗaliba a ajin asibiti:

Yaya ya faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara, ka dage da Biology, Chemistry da Physics, don gurbin kaɗan ne, masu nema da yawa. Kuma ka shirya wa darasin sassan jiki, da gawa ake koyonsa, tsoka bayan tsoka, inda ta faro da inda ta maƙale. Wanda ya yi sakaci a nan ba zai iya 'yan wasa ba.

Kar kuma ka zo da tunanin 'yan ƙwallo kaɗai za ka gani. Yawancin waɗanda nake taɓawa iyayenmu ne masu ciwon baya da gwiwa, sai waɗanda suka yi haɗarin babur. Nima da burin wasanni na shigo, ban fasa ba, amma ranar da wata tsohuwa ta iya durƙusawa ta yi sujada bayan wata shida tana salla a kujera, sai da na fita waje na share hawaye.

Tsohon koci, Ƙofar Mata:

Yaro, ni ban yi karatun ba, amma na daɗe a bakin fili. Duk jami'ar da ka shiga, ka nemi ƙungiyar unguwa ka riƙa binsu ranar wasa da ƙanƙara da bandeji, a ƙarƙashin wanda ya sani. Ka zo filin Sani Abacha ranar da Pillars ke wasa, ka bar kallon ƙwallo, ka kalli mai jakar da ke rugawa in ɗan wasa ya faɗi. Cikin minti guda zai ce a ci gaba ko a fitar da shi, 'yan kallo na ihu, koci na matsa masa. Yara nawa na gani an maida su wasa da targaɗe bai warke ba, ƙafar ta lalace.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba bayan Magariba, murmushi kawai ya yi. BUK zan sa a zaɓin farko. Baba koci, ƙungiyarmu na da wasa ranar Asabar da la'asar, me da me zan fara zubawa a jakar?