Kajina suna ta mutuwa ba zato, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Ɗorayi, kajin Hausa nake kiwo a tsakar gida, guda 23 har da zakaru biyu. Daren Talata na kulle su a akurki lafiya lau, da asuba na tarar da uku a mace. Jiya biyar suka bi su. Wadda ta fi tsaya min a rai uwar 'yan tsaki ce. Na same ta a gindin randa ta takure, fukafukai a sake, tana buɗe baki tana neman iska, kafin azahar ta tafi. Kashinsu kore ne mai ruwa, ɗaya kuma wuyanta ya murɗe sai kallon sama take. Na jiƙa musu barkono da ɓawon maɗaci, na fasa kafson ja da yalo a ruwansu, ba canji. Da kajin nan nake saya wa yara littattafai. Maƙwabciyata ta ce in yanke sauran mu ci kafin in tashi a tutar babu. Yaya zan yi?

Wani mai kiwo daga Hotoro:
Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Kin shigo da sabuwar kaza kwanan nan?

Mai tambaya:
Eh, wani zakara na sayo a kasuwa, yau kwana tara. Shi ya fara mutuwa.

Mai kiwo daga Hotoro:
To, ina zargin shi ya shigo da ita. Koren zawo da murɗewar wuya a wannan hunturun sun fi kama da Newcastle, annobar da ke share kaji duk lokacin sanyi. Ja da yalo ba ya kashe ƙwayar cutar, daina ɓarnar kuɗinki. Ware masu lafiya yanzu, kowane rukuni da mazubin ruwansa. Gaba in kin sayo kaza, ta yi sati biyu ita kaɗai tukuna.

Wata 'yar uwa daga Kurna:
Don Allah Yaya kada ki yanka, kada kuma ki kai kasuwa, wata baiwar Allah za ki ɗora wa. Ki duba dusar ma, in ta yi fumfuna ki zubar.

Wani ma'aikacin lafiyar dabbobi:
Hajiya, ba a tantance wannan da ido. Murar tsuntsaye ma haka take kisa farat ɗaya, wani lokaci zanko ya yi shuɗi, kai ya kumbura. Tun 2006 ta fara ɓulla a Najeriya, ta sha shigowa Kano, kuma tana iya kama mutum. Ki sa leda a hannu, ki ƙulle wadda ta mutu yau a leda biyu, ki kai asibitin dabbobi na Gwale. In da buƙata, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato ake aika samfur. Sauran mushen a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa a kwata ko bola, karnuka za su jawo su cikin unguwa. Hana yara shiga akurkin, ki wanke hannu da sabulu. Rigakafin Newcastle da ake kira Lasota kuwa lafiyayyar kaza ake ba wa, kuma zafi na lalata shi, sai cikin ƙanƙara ake ɗauko shi. Bari likita ya faɗa miki lokacin da ya dace.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Yanzu wata ta sake faɗuwa, na ƙulle ta a leda, in Abbansu ya dawo daga masallaci za mu wuce Gwale. 'Yan tsakin bakwai na sa su a kwali a soro.