An ba ni shugabancin makaranta, ba a koya mini aikin ba

Sabon Shugaba: Assalamu alaikum. Shekara da shekaru ina koyar da kimiyya, kwatsam aka ba ni shugabancin wata sakandare. Wanda na gada ya tafi bai miƙa mini komai a rubuce ba. Na buɗe kabad na tarar littafin shige da ficen kuɗi ya tsaya tun zangon da ya wuce, rasiɗai cushe a leda, wasu har tawadar ta goge. Mutumin kirki ne, tare muka fara aiki, shi ya tsaya mini lokacin da na yi jinya, ba zan kai ƙararsa ba. Yanzu an kira shugabanni bita ta kwana uku, ta faɗo a makon jarrabawa. Akwai kuma difloma kan gudanar da makarantu, ana yi a ƙarshen mako. Wanne zan kama? Odita mai binciken kuɗi na tafe, barci ya ƙaurace mini.

Tsohon Shugaba (na wata makarantar): Malam, ka saurare ni da kyau. Bita da difloma duk ba su ne maganinka yau ba. Ka zauna da akanta, ku rubuta abin da ka tarar, da kwanan wata, ku sa hannu, ka aika kwafi sama. Daga ranar ka buɗe sabon littafi, kada kwabo ya fita ba bauca, wato takardar shaidar fitar da kuɗi. In ba haka ba, ramin wani kai za a ce ka cike.

Malama: Ranka ya daɗe, ni dai na ce ya je bitar. A can ake nuna yadda ake raba aiki tsakanin mataimakin karatu da na gudanarwa, da yadda ake shiga aji duba darasi ba tare da an muzanta malami ba. Namu shugaban bai taɓa zuwa ba, jadawali ma shi kaɗai yake tsarawa, ya jera mini darasi huɗu ba hutu, na yi magana ya ba ni takardar tuhuma.

Tsohon Shugaba: Malama, bitar da ake haska rubutu a bango, a raba takardar shaida, kowa ya watse, babu mai bibiya? Ya nemi gogaggen shugaba kusa da shi, ya riƙa zuwa yana ganin yadda ake cike rajista da tsara kasafi. Aikin nan a hannu ake koyonsa.

Mataimaki: Difloma ce ke da amfani wajen ƙarin girma. Mu da muke ɗauke da aikin ba a ma tura mu ko'ina, kullum shugabanni.

Sabon Shugaba: Na gode. Amma Baba, aika kwafi sama ai tona wa wanda na gada asiri ne, ba zan iya ba. Kuma ba zan bar wa mataimakina jarrabawa ba, ban gama saninsa ba.

Tsohon Shugaba: To wa zai riƙe makarantar duk ranar da ba ka nan? Kuma kana da akanta ko babu? Ba ka faɗa ba.

Malama: Haka namu ya fara, bai yarda da kowa ba.

Sabon Shugaba: Ba rashin yarda ba ne, ku ba ku san makarantar ba. Akantan ma maganarsa daban ce. In akwai wanda ya yi diflomar nan a cikinku, don Allah ya faɗa mini: ana koyar da lissafin kuɗin makaranta a ciki?