Neman Kalmar Hausa: Kan Sarƙar da Sarautar Turai Ke Yi da Harafin Suna

Ina aikin wani rubutu ne kan Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas na Ingila, wadda ya aura a 1533 ya kuma sa aka fille mata kai a watan Mayu na 1536, sai na tsaya cik a kan adon da aka fi saninta da shi. A hoton zanenta da ke Landan, tana sanye da sarƙar lu'ulu'u, an rataya harafin B na zinariya a tsakiya, da lu'ulu'u uku suna reto a ƙarƙashinsa. Turawa suna ce wa irin wannan "initial pendant", kuma ina ganin ya kamata mu tsayar masa da suna guda a Hausa.

Kafin a raɗa wa abu suna, gara a san asalinsa. Ado da harafi ya girmi zamanin su Anne Boleyn, domin tun kusan shekarar 1400 maƙeran zinariya suna ƙera harafin M saboda Maryamu mahaifiyar Yesu, kuma har yau akwai irinsa a ajiye a birnin Okisfod na Ingila. Jane Seymour, wadda Henry ya aura bayan Anne, an zana ta da haruffan IHS a ƙirji, wato taƙaitaccen sunan Yesu da Girkanci. Gidajen sarauta kuma sun mayar da al'adar hanyar nuna dangi, da aure, da wanda mutum yake tare da shi.

Sunan da ya fara zo mini shi ne "sarƙar suna", amma na ajiye shi. A yau idan aka faɗi haka, abin da ke zuwa zuciya shi ne sarƙar da budurwa ke sa a rubuta cikakken sunanta. Harafin da matan sarautar Turai ke ratayawa kuwa sau da yawa ba na mai shi ba ne. B ɗin Anne sunan gidan ubanta ne. Anne ta Denmak, matar Sarki James na Ɗaya, an zana ta a 1617 da S na mahaifiyarta Sophie da C4 na ɗan'uwanta Sarki Christian na Huɗu, tana tuna wa fadar Ingila cewa ita ma 'yar sarki ce tun kafin a kawo ta. A 2019 kuma aka tono wani mai siffar zuciya a yankin Warwickshire na Ingila, yana ɗauke da H da K, wato Henry da matarsa ta fari Katherine.

An ba ni shawarar "laya". Na ƙi ta, kuma da ƙarfi, domin laya rubutu ce da ake naɗewa a ɗinke cikin fata don tsari, shi kuwa wannan an ƙera shi ne don kowa a fada ya karanta. "Hatimi" ma bai dace ba, domin na bugawa ne a takarda. "Tambari" ya dace da haruffa biyu da aka sarƙe su wuri guda, sai dai bai nuna cewa abin ratayawa ba ne.

Na daɗe ina son "harafin wuya", saboda gajarta da kuma yadda ya bi sawun "abin wuya". Matsalarsa ita ce rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, don haka mai karatu zai iya ɗauka ana nufin harafi mai wahala, alhali wuyan jiki ake nufi.

Wanda na tsaya a kai shi ne "kan sarƙa mai harafi". Masu sayar da gwal da matan da ke saye sun riga sun san kan sarƙa, wato abin da ake ratayawa a tsakiyarta, kuma ƙarin "mai harafi" bai ce harafin na wane ne ba, wanda shi ne ainihin abin da muke bukata. Jam'insa "kawunan sarƙa masu haruffa". A rubutuna zan ce Anne Boleyn tana sanye da kan sarƙa mai harafin B, inda kuma haruffa biyu suka sarƙe, kamar na miji da mata, zan ce kan sarƙa mai tambari.