Ragon dutse a Texas: bindiga mai harsashin 6.5 Creedmoor ko mai .300 Win Mag?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. A watan Fabrairu zan je farautar ragon dutse a tsaunukan Davis, yammacin Texas. Dala 1,200 na ware wa bindiga da madubinta duka. Ina da tsohon targaɗe a kafaɗar dama, shi ya sa nake shakkar mai dukan kafaɗa. 6.5 Creedmoor za ta kayar da ƙaton rago daga yadi 300?

Maharbin Dallas: Wa alaikumussalam. .300 Win Mag kawai, kar ka tsaya wasa.

Abban Sadiq: Yaya, ai na faɗi matsalar kafaɗa.

Baban Ikram: Ni Creedmoor ɗin na riƙa bara, har yau abin na ci mini rai. Kwana uku muna hawan dutse kusa da garin Van Horn, ƙafata duk ta yi bororo. Ranar ƙarshe rago ya tsaya mana a yadi 280, na ɗora masa a bayan kafaɗa yadda nake wa barewa. Ya girgiza, ya haye dutse. Muka bi jini har magariba, babu shi. Ɗan jagoran ya ce dokar gonar ke nan: in jini ya zuba, daidai yake da ka ɗauki ragonka. Dala 4,500 ta tafi, ko ƙaho ban gani ba. Abin da ya fi damuna ma dabbar da na bari da rauni.

Ɗan Agadas: Malam, ka yi haƙuri, wurin da ka harba ne. Huhunsa da zuciyarsa suna gaba, a kan kafaɗar ake ɗorawa, gashin wuyan nan ke ruɗin mutane. Ragon namu ne na tsaunukan Ayar, a shekarun 1950 aka sako irinsa a Texas. Da bindiga mai harsashin .270 na kayar da biyu.

Maharbin Dallas: 4,500? Ni 2,000 na biya.

Baban Ikram: A cikin shinge ko? Ko tunkiya ka harbo? Wanda bai hau dutse ba ya bar mu mu yi magana.

Gwanki: Ku ba Abban Sadiq 'yar bindigar toka, ko ba ta sami ragon ba hayaƙi zai sumar da shi 😂

Hajiya Maman Twins: Ku kuna ta harsashi, naman fa? Maigidana ya kai nasa wajen masu gyaran nama, suka niƙa shi da kitsen alade ba tare da sun tambaye mu ba. Duk muka zubar.

Ɗan Agadas: Haka suke wa na barewa ma, Hajiya. Sai ka ce kitsen sa, ka sa su rubuta a takarda. Injin niƙan kuma ɗaya ne da na aladen daji.

Baban Ikram: Subhanallahi. Akwai mahaucin Musulmi da ke karɓar naman farauta a Houston?

Abban Sadiq: To ita .270 ɗin, yaya dukanta a kafaɗa?