Mu biyu ne da garaya da jita a Garwa, ance sai mun ƙara lantarki, ya kuke gani?

Mai Garaya, Garwa:

Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar kiɗa ku bani shawara don abun nan ya tsaya min a rai. Mu biyu ne ni da abokina, tare muka taso a Yelwa, ni garaya nake kaɗawa wadda na koya wajen kawuna, shi kuma jita yake bugawa irin ta katako marar kuran, wato lantarki. Muna waƙa da Hausa da Fulatanci, wani lokaci in ɗauki baiti ya amsa, wani lokaci mu haɗa murya. Bikin aure, suna, zaman shayin samari da ranar kiɗa ta 21 ga Yuni, nan ne muke samun fili, kuma alhamdulillah an fara saninmu a gari har ana kiranmu Pitoa da Gider.

To yanzu mun tara yan kuɗi zamu shiga situdiyo, sai mai situdiyon yace in dai munaso rediyo ta saka kuma matasa su riƙa turawa a WhatsApp to sai an ƙara jitar lantarki da bas da gangunan turawa. Abokina ya yarda nan take, ni kuma wlh tsoro nakeji, garaya tsirkiya biyu ce kawai, in aka jibga mata waɗannan kayan wa zai ji ta? Maganar har ta fara sa mana sanyin jiki tsakaninmu, gaisuwa ma sama sama muke yi yanzu kuma abun yana damuna fiye da waƙar kanta. Akwai wasu mutum biyu da suka fara kamar mu a garinsu, suka ƙara kayan zamani kuma basu lalace ba basu rabu ba?

Baba Mai Kaset, Ngaundare:

Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka ta tuna min da wasu Amurkawa biyu da muka sha ji a kaset lokacin samartaka, Paul Simon da Art Garfunkel. Yan unguwa ɗaya ne a Queens cikin birnin New York, sa'annin juna ne haihuwar 1941, tun firamare suka san juna. A 1957 suna yan makaranta suka fitar da waƙa da sunan Tom & Jerry, ta ɗan yi tashe sannan shiru. Farkon shekarun 1960 akwai wata unguwa a birnin da ake kira Greenwich Village, ƙananan gidajen shan kofi ne cike da matasa masu jitar katako suna rera waƙoƙin gargajiyarsu, nan ne Bob Dylan ma ya fito, to nan suka shiga suma, jita ɗaya murya biyu. Kamfanin Columbia ya ɗauke su, faifansu na farko ya fito a Oktoban 1964 amma bai sayu ba sam. Simon ya tattara ya tafi Ingila yana bin ƙananan kulob kulob, Garfunkel ya koma karatunsa na jami'a.

To ji abin da ya biyo baya. A 1965 wasu gidajen rediyo suka fara saka waƙa ɗaya daga cikin faifan, The Sound of Silence, sai furodusansu Tom Wilson ya kira makaɗa suka ɗora jitar lantarki da bas da ganga a kan tsohon ɗaukan, bai ma faɗa wa masu waƙar ba. Simon ya dawo gida suka sake haɗewa, zuwa Janairun 1966 waƙar ce ta ɗaya a duk Amurka. Ka nemi duka biyun a YouTube ka saurara da kunnen makaɗi. Muryoyin nan da jitar katakon suna nan yadda suke, sabbin makaɗan ne suka bi bayansu, har inda su biyun suka ɗan sassauta gudu dole mai ganga ya sassauta. Wannan shine abin da nakeso ka riƙe in kun shiga situdiyo.

Kuma ba lantarki ne ya raba su ba. Sun rabu a 1970 suna tsakiyar tashe, Simon ne yake rubuta kusan duk waƙoƙin, Garfunkel kuma muryarsa ce mutane suke yabo, sannan ya tafi Meziko ɗaukar fim ya bar ɗan uwansa da jira wata da watanni, zuciya ta ɓaci. A 1981 sun haɗu sun yi wasa a Central Park gaban mutum wajen 500,000 amma zaman bai ɗore ba. Don haka ni abin da yafi tada min hankali a rubutunka shine gaisuwar nan ta sama sama. Ku zauna tun yanzu da babu kuɗi ku faɗa wa juna wa ya ƙirƙiri wace waƙa, yaya za'a raba abin da ya shigo, ku rubuta a takarda da shaidu, in kun je SONACAM, ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙan Kamaru, yin rajista ku sa sunayenku duka biyu.

Baban Sono, Marwa:

Baba ya faɗi gaskiya amma ni bari in taɓo wajen aljihu tunda sono, wato kayan sauti, nake ɗauka a bukukuwa. Ku biyu moto ɗaya ta isheku zuwa ko wane biki, kuma ko kuran ya ɗauke wasanku baya tsayawa. Ranar da kuka zama mutum biyar sai mota, sai gurup wato janareta da mansa, sai a raba liƙi kashi biyar, kuma mai biki bazai ƙara muku ko dala ba saboda kun ƙara mai bas. Na sha ganin ƙungiya ta watse a kan wannan kaɗai. Don haka faifai daban, filin biki daban, ku sa kayan a situdiyo in kunaso amma a gari ku cigaba da fita ku biyu.

Tsoron da kakeji kuma yana da tushe. Amon garaya a tsakiya yake, daidai inda jitar lantarki take zama, in mai haɗa sauti bai san aikinsa ba jita zata danne ta gaba ɗaya. Bas bashi da matsala don yana ƙasa, shi yana ma ɗaga ta. Sannan yawancin masu situdiyon mu piyano suke fara kunnawa su sa bugun na'ura, sai suce kai ka bi, to garaya bata bin na'ura, tana ja tana saki ne tare da numfashin mai waƙa, kuma saitinta ba na piyano bane. Ga fata, da hunturu ta ɗaure sauti ya hau, da damina ta saki ya sauka. Kace masa a fara ɗaukar garaya da muryoyinku tukuna, makirfo kusa da fatar ba wajen wuya ba, sauran kaya a saita su a kanta. In yace bazai iya haka ba ku ɗauki kuɗinku ku nemi wani.

Yar Injamena:

Ƙanina ni basai naje Amurka ba, ga Amadou da Mariam nan na Bamako. Makafi ne su biyun, a makarantar matasa makafi ta Bamako suka haɗu a shekarun 1970, shi lokacin yana buga jita a Les Ambassadeurs inda Salif Keita yake waƙa, suka yi aure a 1980. A 1986 suka koma Abidjan saboda can ne situdiyo suke, kuma kaset kaset ɗin da suka yi a can jita ce da murya kawai, da su aka sansu a Mali da Kodebuwa da Burkina. Sai a 2004 da Manu Chao ya yi musu faifai duniya ta sansu sosai, har suka shiga waƙar gasar kofin duniya ta 2006 a Jamus. Lissafa ka gani, sama da shekara 20 tsakanin aurensu da wannan. Jitar Amadou ta lantarki ce ƙarara amma in ka saurara salon Mali ne a yatsunsa, kuma basu taɓa ajiye Bambara ba ko da suka haɗa da Faransanci. Ya rasu a Afrilun 2025 a Bamako, Allah ya jiƙansa, wlh ranar naji abun a raina.

Abin da nake gani shine mutanen gida sun riga sun haddace waƙoƙinsu kafin wani furodusa ya taɓa su, shi yasa ƙarin kaya bai canja su ba. Mu ma nan Cadi yan H'Sao a Injamena suka ƙware da haɗa murya kafin su tafi Kanada a 2001. Kar kuyi gaggawa, kuma dan Allah kar ku yar da Fulatancin nan, haɗin da kuke yi da Hausa shine naku da ba kowa ke dashi ba.

Dan Lopere:

Kai ɗan Garwa ne fa, ka manta da marigayi Ali Baba? Da kayan zamani yayi waƙa da Hausa da Fulatanci har kudu suna rawa, ya rasu tun 2004 amma har yau ana saka shi a biki. Ga kuma mawaƙi Isnebo da ƙungiyarsa Faadah Kawtal. Ni ina bayan abokinka, ku gwada waƙa ɗaya da lantarki ɗaya babu ku sake su tare, mutanen gari zasu nuna muku.

Mai Garaya, Garwa:

Nagode kwarai Allah ya saka da alheri. Baba na saurari duka biyun kamar yadda kace, kuma naji wajen da gangar ta jira su. Daren jiya naje gidan abokina na karanta masa duk abin da kuka rubuta, mun daɗe muna magana har da ta rabon kuɗi da bamu taɓa yi ba, ashe shima yana da abin da yake ci masa rai, yace a biki ni ake kira da suna shi ana ce masa yaron mai garaya. Mun tsaya a kan shawarar Dan Lopere, waƙa biyu, kuma zamu sa wa kanmu suna ɗaya na mu biyu. Baban Sono in mai situdiyon nan ya ƙi zamu iya zuwa Marwa?

Baban Sono, Marwa:

Ku zo, ni bani da situdiyo amma zan kaiku wajen wanda ya saba ɗaukar kayan gargajiya. Ku kwana a nan a fara da safe kafin zafi ya taso, kazo da tsirkiya ta ajiya, shi kuma abokinka ya canja wayoyin jitarsa kamar sati ɗaya kafin ranar don su zauna. Ku turo min waƙoƙin biyu a waya tukuna ko da ɗaukan cikin ɗaki ne, inji inda bas zai shiga.