Dan Allah a ba ni shawara kan abincin ɗalibai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni aka ɗora wa kula da kicin a makarantar kwana ta 'yan mata, to wlh abin yana damuna, duk daren da aka yi tuwon masara miyar kuka rabin kula ake dawo mana da ita, yara sun gwammace su jiƙa kwaki da sikari su kwanta. Shi ne na ce ko mu riƙa zama da su wajen tsara abincin sati, amma firinsifal tana tsoron kar su ce kullum shinkafa da kaza. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Tsohon kicin masta: Wa alaikumus salam Malama. Kar ki ce musu me kuke so, nan za ki janyo wa kanki. Kai su sito su ga buhunan da idonsu, ki faɗa musu nawa ake kashewa kan mutum ɗaya a rana, sai ki ce ga masara ga wake ga gero, ku tsara. Masarar da suke gudu a tuwo in aka yi dambu da zogale da ƙuli ko fate da yakuwa sai kin ga layi. Kuma kar ki tsaya kan firifet kaɗai, su kwanonsu daban ake zuba musu, ɗauko 'yan aji ɗaya, su ne suka san ɗanɗanon gabza, wato tuwon makarantar kwana.

Wata nas: Gaskiya ne Baba, amma a bar wasu abubuwa ba zaɓi. 'Yan mata masu al'ada suna buƙatar abin ƙara jini, wake da ganye kar su fita daga tsarin, kuma shayi a kan abinci yana rage amfaninsu, gara lemon zaƙi in an samu.

Wata uwa: Malama ki sa masu girkin a zaman dan Allah. Yaro zai ce ɗanwake ko alale, bai san wahalar yi wa ɗaruruwan mutane a kan murhun itace ba. Kuma a duba lokaci, tumatir da kabeji da rani suke araha, da damina a koma rama da alayyahu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Baba to zaman nan duk sati za a yi ko sau ɗaya a zango ya isa?

Tsohon kicin masta: Farkon zango, sai a sake dubawa bayan hutun tsakiya.